Akwatunan Sauti Biyu da Gado Ya Raba

Abu biyu aka ce mini ba za su yiwu ba. Na farko masu gyaran rediyo na bakin kasuwar Ƙonni ne suka faɗe shi: wai akwatin lasifikar mahaifinmu, wanda mu nan muke kira bafil, ya yi shirun da ba ya da tashi, gara in ba mata su mayar da shi kujerar tsakar gida. Na biyu dangi ne suka faɗa, bayan na juya baya: wai wannan akwati da ɗan'uwansa ba za su ƙara kwana ɗaki ɗaya ba. Ni kuwa na tsufa da alli a hannu, na ajiye aiki ina darektan lakwal, wato shugaban makarantar boko, kuma ban saba a nuna mini iyakar abin da zan iya ba.

Mahaifinmu direban babbar mota ne mai ɗaukar siminti daga Malbaza. A hannun wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu ya sayi kayan: akwatuna biyu na katako masu kaiwa ƙugun mutum, da ampili mai ba su ƙarfi, da na'urar juya faifai. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan ajiye ɗaya a daman zaure, ɗaya a hagu, ya shimfiɗa buzunsa a tsakiya, ya ɗora faifan wani mai kukuma da ƴan amshinsa. Ba a tari a lokacin.

Da ya rasu, malamin da ya raba gado mutum ne adali, sai dai bai taɓa zama a kan buzun nan ba. Ya ga akwati biyu iri ɗaya, ya ga ɗiya maza biyu, ya ba kowa ɗaya. Yayarmu, wadda ke aure a Dogarawa, ta sami ampili da na'ura da fayafai. Ban ga laifin malamin ba. Kowa ya san takalmi ba a raba shi, amma wa zai gaya wa malami akwati ma yana da dama da hagu?

Ni na ɗauka ƙanena zai kawo mini nasa, domin ni ne babba. Shi kuma ya ɗauka ni zan kai masa nawa, domin shi ya yi wa mahaifinmu yaron mota, shi ya ɗauko akwatunan a kansa daga gidan Baturen. Babu wanda ya zagi wani. Ya tafi Illela da nasa, ya kama sufuri. Na bi makarantun da gwamnati ta aike ni da nawa. Muka koma masu gaisawa a wurin jana'iza. Tun daga ranar rabon ya daina ce mini Yaya, sai Mushe, wato malam a bakin Faransa, kamar yadda ƴan lakwal ke kirana. Har yau ina nan a kan cewa ƙarami ke zuwa wurin babba.

Bayan ritaya na kama gyaran tsofaffin lasifiku don kada hannu ya mutu. Na fara da na maƙwabta, sai da hannuna ya faɗa sannan na buɗe na gado. Gara ta ci ƙasansa. Takardar da ke kaɗawa ta haifar da sauti ta tsage, sosan da ke riƙe da bakinta kuma zafin ƙasarmu ya mayar da shi gari. Katako na kai wa kafinta. Tsagar takardar na liƙe ta da ɓawon ciki na buhun siminti da ƙaro, har na yi murmushi ni kaɗai, ganin simintin da ya sayi akwatin ya dawo yi masa magani. Sosan ne ya gagara, domin babu irinsa daga nan har Sakkwato. Daga ƙarshe na je wurin majema na zaɓi fatar ɗan akuya, na sa aka kankare ta har tana nuna hasken rana. Zobe ɗaya nake bukata. Na yanka shi, ragowar fatar kuma na naɗe ta na sa a ƙasan akwatin tufafina. Ban tambayi kaina dalili ba.

Na aika Dogarawa aron kayan Yayarmu, ta aiko da su cikin taksi, an naɗe su da zane. Na haɗa waya, na ɗora faifan mahaifinmu. Akwatin ya yi magana, da muryar da ba ta da kaushi ko kaɗan. Maganar masu gyaran rediyo ta faɗi a nan.

Amma abin da ya fito ƴan amshi ne da ƙwarya. Sukan amsa, su yi shiru, su sake amsawa. Mai kukuman yana can nesa, kamar wanda ke waƙa a bayan katangar wani gida. Na san dalili tun kafin faifan ya ƙare: masu ɗaukar sautin sun zuba mawaƙin a hagu, ƴan amshi a dama, kuma na dama ne rabona. Akwai dabarar da zan iya tura duka sautin cikin akwati ɗaya. Na san ta sarai. Na zauna ina kallon wayar, na ga in na yi haka na yarda ke nan da rabon malam har abada. Na bar mutanen nan suna amsa wa wanda ba ya nan.

Da kaina na mayar wa Yaya kayanta, na ba ta labari a matsayin bayanin sana'a kawai. Ta saurara tana tsince wake.

"To, shi mai waƙar yana Illela ke nan," in ji ta.

"Akwatinsa dai yana Illela."

"Na ji. Bayan Layya ina son ganin kayan babana wuri guda kafin in bi shi. Ba aro na ce ba, ba kyauta ba. Ziyara za su kawo mini. Kai ma ƙarami ne a gidan nan, ko ka manta wa ya goye ka?"

Ban manta ba. Haka ta aika wa ƙanena.

Na riga shi isa. Da ya sauke nasa daga mota ya yaye bargon da ya rufe shi, sai na ga katakon yana ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Shekaru ke nan yana shafa masa mai, alhali ba ya da abin da zai haɗa shi da shi ya ji ko tari. Sosan dai ya zube kamar nawa.

"Mushe, an ce ka koma dukanci," ya ce, da ya ga na warware fatar.

"Riƙe nan, kada ka ja."

"Akuya za ta yi kuka a ciki?"

"In ka ci gaba da surutu, ba za mu san ko ita ce ba."

Ya riƙe. Yatsunsa sun yi kauri da sitiyari, amma ya daidaita fatar yadda nake so. Ya dubi gurbin zoben da na yanka tun farko, ya dubi ragowar da ta isa zobe na biyu daidai. Muka bar ƙaro ya sha iska har washegari.

Bayan la'asar muka jera su a rumfar Yaya, nawa a dama, nasa a hagu. Na ɗora faifai. Mawaƙi ya fito, ƴan amshi suka fito, amma sautin ya zo siriri, ba gindi, kamar kunun da aka cika wa ruwa.

"Wannan ne aikin da ake ta yabo?" in ji shi.

Na ɗauko batirin tocila na taɓa wayar kowane akwati. Takardar nawa ta yi gaba, ta nasa ta yi baya. Na bayyana musu cewa wayar ɗaya ce a juye, shi ya sa in wannan ya tura iska sai wancan ya janye ta, ƙarfinsu ya tafi a banza.

"Ba su da laifi," in ji Yaya. "Masu su suka biyo."

Ƙanena ya tambayi wanne za a juya. Na ce kowanne aka juya daidai ne. Muka dubi juna. Sai ya durƙusa, da gwiwoyinsa masu ciwo, ya kwance wayar nasa ya juya ta.

Kukuma ta cika rumfar. Mawaƙi ya jefa baiti daga hagu, aka karɓe masa daga dama, ƙwarya ta sauka har cikin ƙirji. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Wurin da sautin ke haɗuwa bai fi faɗin buzu ɗaya ba, kuma ina zaune a kansa. Ƙanena ya tsaya a gefe yana karkata kai, yana jin rabi.

"Yaya," ya ce, "matsa mini kaɗan."

Yayarmu ta ɗago, tana tsammanin da ita yake. Ni na san da wanda yake. Na matsa.

Akwatunan suna Dogarawa har yanzu. Ziyararsu ba ta ƙare ba, kuma babu wanda ya tayar da maganar. Ina so jikokinmu su rubuta ranar, kada ta ɓace cikin "wata rana": Juma'ar farko ce bayan Sallar Layya, a shekarar da na cika saba'in da biyu.