Taku Huɗu Zuwa Rafi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina wankin karas a rafin da ke bayan unguwarmu, can wajen Farin Gada. Manoma su sauke buhuna da jar ƙasa a jiki, mu mata mu zazzage a ruwa, mu tattaka, mu murza har ya fito fes, sannan 'yan dako su kai kasuwa. Sanyin ruwan Jos da sassafe sai wanda ya tsoma ƙafa. Amma da wannan aikin na riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar babansu.

Sai wani kamfani ya sayi filin da ke tsakaninmu da rafin, wai zai gina rumbun sanyi na ajiye kayan gwari. Aka ce ba za a aza bulo ko ɗaya ba sai an rubuta yarjejeniya: su yi gininsu, unguwa ta samu rabonta. To, madalla. Aka kafa kwamiti, maza zalla, yayana ne sakatare. Suka riƙa zama da hantsi, daidai lokacin da muke cikin ruwa har gwiwa.

Maƙwabciyata, wata 'yar Birom da muke wanki tare, ita ta jiyo a coci abin da aka rubuta: ɗakin taro, fitilun titi, aikin gadi ga samari. Katanga kuwa za ta zagaye filin kaf. Hanyarmu ta rafi ba wanda ya tuna da ita, don a cikinsu babu wanda ya taɓa binta da daro a ka. In aka toshe, sai mun zagaya ta babban titi, kuma manomi ba ya jira, wani rafin zai nufa da kayansa.

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Ranar sa hannu muka fito daga ruwa mu mata tara, zannuwa sharkaf, muka nufi wajen zaman. Na ɗauki daron karas da taɓonsa na dire a kan tebur, gefen takardunsu.

Yayana ya miƙe zumbur. "Ke! Mene ne haka a gaban baƙi?"

"Yaya, kai ne sakatare," na ce. "Nuna min layin da aka sa hanyar rafi."

Wakilin kamfanin, wani mai tabarau, ya yi murmushi. "Mama, kwantar da hankalinki, za mu duba."

"Oga, ba dubawa na zo a yi ba, rubutawa za a yi. Faɗin taku huɗu, ba ƙofa, ba kwaɗo, ba mai gadi. In ba haka ba, wallahi a bakin ƙofarku za mu riƙa zube buhuna kullum, motocinku su bi ta kanmu."

Ya ce in aka yanki filinsu, sai dai a cire wani abu daga cikin takardar. Na ce a cire mana! Ɗakin taron aka soke, abin da yayana ya yi wata uku yana fafutuka a kai. Sai da na karanta sabon layin sau biyu da ƙarfi kafin na ɗauke darona.

An gina katangar, ta karkace ta bar mana hanya. Yayana kuwa bai sake taka gidana ba, ko auren 'yata bai zo ba. Abin yana min ciwo, ba zan ɓoye ba, shi ya goya ni muna yara. Bara ya aiko wai in je in ba shi haƙuri a gaban dangi, magana ta wuce. Na ce a gaya masa ina gaishe shi da kyau, amma ba zan je ba.