Likkafanina a Bayan Baƙar Saniya

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma na san yadda ake ɗaukar hoton baƙar saniya a cikin duhu, kuma ba da sauƙi na sani ba.

Ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, yana Kwatano yana sayar da albasa. Da zai tafi ya bar mini amanar saniya, baƙa wuluk, babu wata alama a jikinta sai tsaga a kunnen hagu. Wata shekara wani mai dogon baki ya je can ya ce ya ga an kora ta kasuwar Dogondutsi. Yaron bai ce na ci amana ba, ai ba zai iya ba. Cewa ya yi a tura masa hotonta, wai yana kewarta. Ni da na haife shi bai taɓa cewa yana kewata ba. Sai na gane.

To, saniyar nan tun asuba take bin Bafillacen da ke mana kiwo, ba ta dawowa sai bayan magariba. Na roƙe shi ya bar ta yini ɗaya, ya ce ita ke jan garke, in ta zauna duk shanun gari a ƙofata za su yini. Salular matar ɗana ita ma kiwo take zuwa. Da safe mai babur ya tafi da ita Ɗan Kassari wurin caji, da dare ya maido ta. Saniya da salula ba su taɓa haɗuwa da rana ba.

Daren farko surukata ta tsaya gaban saniya ta danna, wuta ta walƙa. Abin da ya fito idanu ne biyu kore shar, suna rataye a sarari babu jiki. Maƙwabciyarmu 'yar bori ta leƙa, ta tuɓe takalmi ta durƙusa ta gaishe su, ta ce aljana Doguwa ce. Ɗana ya ce ido dai kowace saniya tana da shi. Daga nan na san ba a haska dabba ta gaba. Tocila ake riƙewa daga gefe, ƙasa-ƙasa.

Muka sake. Hannun yarinyar ya yi rawa, saniya ta fito doguwa kamar katanga, ƙafafu birjik. Na ce a kife turmi a ɗora salular, a tokare ta da dutse, a goge idonta da bakin zane don ya sha yatsun miya, mai dannawa kuma ta ɗauke numfashi. Rawa ta daina, amma duhu ya haɗiye saniyar, sai ƙaho.

Ni ce na ce a kawo toka. Muka shafe ta tun daga wuya har wutsiya, ta tsaya tana atishawa. Hoto ya yi kyau ƙwarai, aka tura. Sai ga kira.

"Inna, tawa baƙa ce," in ji shi.

Na kwana ina juyi. Baƙin abu ba ya son a sāke masa launi, fari yake so a bayansa. Babban farin ƙyalle kuwa ɗaya ne a gidan, likkafanina, wanda shi yaron ya saya mini da hannunsa, yana naɗe a ƙasan akwati da turare. Da wata ya cika na fito da shi. Surukata ta ja da baya ta ce, "Inna, wannan ba na wasa ba ne."

Na ce, "'Yar nan, da in shiga cikinsa ɗana yana mini kallon ɓarauniya, gara saniya ta riga ni."

Muka wanke tokar, muka ba farin wata baya. Muka ɗaure gefe ɗaya na likkafanin a jikin rumbu, ɗayan na riƙe. Iska tana fizga, sai na yafa shi a kaina na naɗe kafaɗa. Tocila ta kashe mini ido na rufe, na ɗauke numfashi tare da mai dannawa. Saniya ta fito sarai, har tsagar kunnenta. A gefe kuma ga ni nan a miƙe, naɗe cikin fari, ido rufe, baki a ɗaure. Ba mu duba gefen ba, saniya muke dubawa, haka aka tura.

Ɗana ya yi ta kira washegari, salula tana Ɗan Kassari a kashe. Da aka maido ta yana kan hanya inda ba a samun kowa. Ya shigo gida da hantsi, idanu jawur, mutanen tasha na biye da shi suna yi masa ta'aziyya, ya tarar da ni ina tsince wake. Ya zauna a ƙasa daɓas. Na sa aka ba shi ruwa, na ce in saniya ya zo gani sai ya jira magariba kamar kowa.

Da ta dawo na ce ya riƙe tocila daga gefe. Ya shafa kunnen, ya daɗe, sannan ya ce, "Inna, ki gafarce ni." Na gafarta.

Likkafanin dai saniya ta tauna masa gefe muna can muna ɗauke numfashi. Ya ce zai sayo wani, na hana. Kullum ƙanƙancewa nake, zai ishe ni.