Mbarek Ouhammou, Wanda Ya Ɓoye Mana Gaɓarmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, goma sha huɗu ga Janairu, Allah Ya karɓi ran Baba Mbarek Ouhammou, mai ɗaukar hoton masu hawan igiyar ruwa a nan kudancin Maroko. Mutumin da teku ta yi shekara da shekaru tana tumurmusawa, sai ga shi ya cika a kan katifarsa, da kalmar shahada a bakinsa.

Baba Mbarek, ɗan masunci ne kai. Sa'o'inka suka gaji kwale-kwale, kai ka kinkimo kyamara cikin akwatin roba ka faɗa ruwa. Mu muna bisa allunanmu na hawan igiya, kai kana iyo a ƙarƙashin igiyar, sanyi na ratsa ƙashinka. In na faɗo, kafin in gama amayar da ruwan gishiri sai in ji ka: "Kai Idir, tashi! Buhun sha'ir ma ya fi ka iya tsayuwa!" Da yamma kuma kai ne mai dafa mana shayi, ka gutsura mana burodi da man 'ya'yan itacen argan.

Duk duniya ta ga igiyar ruwan ƙauyenmu a hotunanka, amma ba wanda ya san inda take. Kullum kakan juya wa tudu baya, kada dutsenmu ko hasumiyar masallaci su shiga hoto. Ka ga yadda hoto ɗaya ya jawo wa wasu ƙauyuka otal-otal har masunta suka rasa wurin jawo jiragensu. Mujallu sun roƙe ka, sun yi fushi, wasu sun daina aiki da kai. Ka sha wuya a kan haka, ba ka taɓa yi mana gori ba.

Ba zan ɓoye ba, da ka rasu na ji tsoron kada asirin gaɓarmu ya tonu. Wani editan mujalla, abokinka na gaske, ya iso gidanka na birni ta'aziyya. Ya ci kuskus tare da mu, ya yi hawaye, sannan ya dubi matarka, Lalla Fadma.

"Hajiya, za mu buga hoton ƙarshe da ya ɗauka don girmama shi. Sunan wane wuri zan sa a ƙasa?"

Ta ƙara masa shayi.

"Ɗana, rubuta teku."

"Wace gaɓa?"

"Ni ma da na haifa masa biyar, abin da ya gaya mini ke nan."

Alhali a ƙauyen namu aka yanke mata cibiya. Tsofaffin masunta suka sunkuyar da kai suna danne dariya, ni kuwa a nan kuka ya ƙwace mini. Editan ya yi murmushi, ya rubuta yadda ta ce.

Ya Allah, bawanKa ya suturta mu, Ka suturta shi. Ka yafe kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Lalla Fadma, 'ya'yansa da dukkan masuntan ƙauyenmu, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, amin.