Wa Zan Yafe Wa?

Cikin ranakun aiki da har yau ban manta ba akwai ranar da Malam Isiyaku na Ɗansoshiya ya ce a haɗa masa kayansa, gida zai koma, alhali saura kwana kaɗan a shiga da shi tiyata.

Ku yaranmu da ke aikin jinya a Kiru da Bebeji kun san ni da tsufa, ba ku san yawona ba. Nas ne ni na ɗakin tiyata. Na fara a Kano, na yi Jidda, na yi Alƙahira. Bayan na yi ritaya sai wani asibiti a kudancin Indiya ya ɗauke ni tafinta, ina tsayawa tsakanin likitoci da marasa lafiyar da ke zuwa daga ƙasarmu.

Malam Isiyaku malamin allo ne, manomi kuma. Ɗansa Mustafa ne ya kawo shi. An gano ciwon daji, wato kansa, a ƙarshen babban hanjinsa, can ƙasa cikin ƙugu, wurin da hannun likita ke wahalar kaiwa. Likitar da za ta yi aikin, wata mace mai furfura, ta zaɓi yin sa da na'urar da ake kira robot. Ga yadda take. Maimakon a tsaga ciki, ana yin 'yan ƙananan huji, a zura kyamara da siraran hannuwan ƙarfe. Likita na zaune a gefe cikin ɗakin, ya cusa fuska a wani abin leƙe, yana motsa yatsu, yana taka wasu abubuwa kamar na keken ɗinki. Duk yadda ya motsa, haka ƙarfen ke motsawa. Da wannan na'ura suke yin aikin kansar ciki da hanji, da ta mahaifa.

Larabawa robot suke cewa, Indiyawa ma haka. Mu ne muka yi ƙoƙarin ba shi sunan gida. Da Malam ya tambayi ɗansa me likita ta ce, sai Mustafa ya faɗi abin da ya saba ji a rediyo: “Baba, mutum-mutumi ne zai yi maka aikin.” To, a wurin manomi, mutum-mutumi shi ne tsumman da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye.

Na tarar da Malam zaune a bakin gado, ya sa hula.

“Allah gafarta Malam, ina zuwa haka?”

“Alhaji Garba, na bar asibitin Kano mai mutane, na ƙetaro teku don a miƙa cikina ga abin korar jan-baki?”

Na yi dariya, shi bai yi ba. Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Ba mutuwa nake gudu ba, wa'adi ba ya wucewa. Amma in aka yi daidai, wa zan yi wa addu'a? In aka yi kuskure, wa zan yafe wa? Ƙarfe ba ya da niyya.”

Na yi shekaru a ɗakin tiyata, ban taɓa jin tambaya irin wannan ba. Na kuma san in ya hau jirgi, ciwon ba zai jira shi ya sake shawara ba.

Na je na sami likitar, na juya mata maganar da Turanci yadda ya faɗe ta, ban rage komai ba. Na yi zaton za ta ce a kawo masa takardar bayani, kamar yadda na ga ana yi a wasu wurare. Sai ta ce a kawo shi ɗakin da suke koya wa ƙananan likitoci aiki da na'urar.

Muka tura shi a keke. Ta zaunar da shi a kujerar likita, ta sa masa yatsu a maƙalai, ta ce ya leƙa. An ajiye 'yan zobban roba a kan tire. Ya matse yatsu, ƙarfen ya matse. Ya ɗaga, zobe ya tashi. Ta ce ya janye kansa. Yana janyewa hannuwan suka tsaya cak, domin haka aka ƙera na'urar: in idon likita ba ya kai, ba ta motsi.

Malam ya dube ni. “Wannan ya fi ɗalibaina ladabi. Ni in na juya kai, lokacin suke fara aiki.”

Mustafa ya ƙyalƙyale da dariya, Malam ya harare shi. “Kai kuma da fassararka.”

Likitar ta miƙa masa tafukan hannunta biyu, ta ce in gaya masa: “Waɗannan ne za su yi aikin. In an yi kuskure, ni ce.”

Ranar tiyata, kafin a ba shi maganin barci, ya sa aka kira ta. Ya yi bismillah, ya ce, “Gaya mata na yafe mata tun yanzu, ta yi aikinta da kwanciyar hankali.” Na faɗa mata da Turanci, na ga bai ishe ni ba, na ƙara da ɗan Indiyancin da na iya. Ta haɗa hannu ta sunkuyar da kai irin gaisuwarsu, ta wuce wurin wanke hannu.

Aikin ya ɗauki lokaci, amma an cire abin. Ya sha magani bayan haka, ya wahala, ya kuma tashi. Bara na tsaya a Kwanar Dangora na shiga mota zuwa Ɗansoshiya, na same shi a zaure yana biya wa yara karatu. Da aka shafa fatiha na ji ya ambaci sunanta. Bai faɗe shi daidai ba, amma yaran duk sun san wa ake nufi.

Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan kafin in ajiye aikin tafinta. Na gode wa likitar da ba ta raina tambayar dattijo ba. Irin waɗannan na'urori za su yawaita a asibitocinmu, wataƙila a hannunku. In sun zo, ku koye su da kyau. Amma kafin mara lafiya ya kwanta, ku tabbata ya ga fuskar wanda ya ɗauki amanarsa.