Ƙofar Gwaggo da Ruwan Toka

Mun tashi da asuba daga Magarya, ko in ce ni na tashi da asuba, don motar sai da rana ta fito sannan ta cika. Halina ke nan. Ina tsoron mota ta tafi ta bar ni, ko da na san ba ta motsawa sai an cusa mutum na ƙarshe. Ina zaune ina taɓa aljihu, in ji katin ɗan ƙasa yana nan, in saki, in sake taɓawa. Dungas na nufa, kuma ba don kasuwa ba.

Ga abin da ya tashe ni. Allah ya ba ni ɗiya da daminar nan, muka sa mata sunan Gwaggo, yayar mahaifina da ke zaune a Dungas wajen ɗanta. Gwaggo mace ce da ko kaza ta ƙyanƙyashe a gidanmu sai ta hau mota ita kaɗai ta zo barka. Amma ranar sunan takwararta ba ta zo ba. In mun kira salular ɗan nata, sai ya ce lafiyarta lau, ya miƙa mata, ta yi gaisuwa gajera ta ce tana nan tafe. Har aka yanke hatsi ba ta zo ba. Ana nan sai wata mai sayar da man gyaɗa daga can ta ce wa innata: "Ai tun da ɗanta ya shafe gidan da ruwan toka ba ta ƙara leƙo waje ba."

Ruwan tokar da aka sani a gidanmu shi ne wanda ake tacewa a zuba a miya in babu kanwa. Me zai sa mutum mai hankali ya shafe gida da shi? Inna ta ce wannan asiri ne, an ɗaure tsohuwa. Baba ya ce babu wani asiri, yayarsa ce ta samu gidan siminti ta manta da gidan ƙasa. Ya ce in je in gano. In ba ta da dalili, to ta riƙe kanta, ko gaisuwar mutuwarsa ba ya so ta zo. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Da wannan magana a ciki na hau mota.

Tun a tasha na fara lura da wani abu. Muna yara, mota ba a kiranta da lamba, da launi ake kiranta: jar mota, mai tsanwa, rawaya mai zanen zaki a baya. Yanzu na duba layin ƙananan motocin da ake shigowa da su, daga fara sai baƙa sai mai kalar toka, tokar ma wadda ba ta ko ƙyalli, kamar an shafa siminti an manta ba a yi fenti ba. Na tambayi direbanmu dalili. Ya ce toka ba ta nuna datti, kuma in ka tashi sayarwa ba ka wahala, don kowa yana iya shiga cikinta. Jar mota sai mai son ja. Wani dattijo da ke gefena ya ce shi dai ya san motocin manya da na furoje, wato ƙungiyoyin agaji, ne suka fara, talaka kuwa in ya ga babba ya sa hula a karkace sai ya karkata tasa. Aka yi dariya. Ni ban yi ba sosai, don na dubi rigar da ke jikina, ita ma ruwan toka ce. Na saye ta ne don kada a lura da ni a taro. Abin mamaki, duk wannan hira ba ta sa na haɗa ta da maganar mai man gyaɗa ba. Fargaba tana toshe kai.

Hanyar wani wuri ta yi daɗi, wani wuri sai ka riƙe haƙoranka. Gonaki sun yi fili, dammunan hatsi a jere, amalanken shanu suna ta kwasa, mata suna tsigar gyaɗa a gindin gawo. A wajen Dantchiao muka tsaya direba ya ƙara wa mota ruwa. Na sayi dafaffiyar gyaɗa ta dala ashirin da guntun rake, na tsaya ina ta duba ko gyaɗar ta kwana, har mai tallar ta ce in ba zan ci ba in ba ta abinta. Zanen da ta ɗaura kuwa ja ne da rawaya, ana hango shi daga bakin gona. Matanmu dai ba su bi wannan sabon yayi ba tukuna.

Mun shiga Dungas da hantsi, ranar kasuwa ce, gari ya cika. Na hau kabu-kabu na ce ya kai ni gida mai shuɗiyar ƙofa a bayan lakwal, wato makarantar boko, don haka nake kwatanta gidan tun ina yaro. Mai babur ya ce a wannan layin babu shuɗiyar ƙofa. Na ce akwai. Muka shiga layin, sai na ga gidaje a jere duk sun zama abu guda: katanga toka, ƙyaure toka, har dakalin zama toka. Muka je ƙarshe muka dawo. Na fara tunanin ko an sayar da gidan ba a gaya mana ba. A tsakiyar wannan kai-komo ne maganar ta faɗo mini. Ruwan toka. Launin fenti matar take nufi, mu kuma muka ɗauko na miya. Na yi dariya ni kaɗai a bayan babur, har mutumin ya waiwayo.

Ɗan Gwaggo ne ya hango ni ya fito. Taubashina ne, ɗan mace da ɗan namiji, tun muna yara shi yana cewa ni bawansa ne, ni ina cewa shi ne nawa. Ɗan kasuwa ne, yana kai wake da riɗi Kano.

"Sarkin tsoro, wa ya rako ka har nan?" in ji shi.

Na ce, "Bawana, wa ya ƙone maka gida ya bar ka da toka?"

Ya ce ƙauyanci ke damuna, wannan ba toka ba ce, sunanta giri, kuma haka gidajen manya suke yanzu a Kano da Yamai. Shi ya fara yi a layin, maƙwabta suka gani suka yi sha'awa, suka aika ya sayo musu irinsa. Ya zagaya da ni. Gaskiya aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Tayil toka, labule toka, kujeru toka, wuri ya yi tsit kamar ofis. Motarsa ma haka take. Ya ce launin yana kwantar da hankali, kuma ba ya jawo ido. Wannan ta ƙarshen ta shige ni, don ni ma duk rayuwata gudun ido nake. Ɗakin uwarsa ya fi ko'ina gyaruwa. Kwanoninta masu furanni da ta jera tun aurenta an kwashe su an kai ɗakin ajiya, wai sun tsufa.

Gwaggo na zaune a bakin gado. Na durƙusa na gaishe ta, ta juyo da kunnenta kafin ta juyo da fuska. Ta tambayi kowa da sunansa, ta tambayi takwara har sau ba adadi. Aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, da fura mai sanyi. Da ɗan nata ya fita kasuwa, na gaya mata saƙon Baba, amma na rage masa kaifi. Sai ta ce in matso.

Ashe idonta ne. Yanar ido ce ta rufe shi a hankali, ta daɗe ba ta ganin fuska sai inuwa, amma tana ganin launi in ya yi ƙarfi. Da shuɗiyar ƙofar take gane gida, da jar motar wani direba take gane motar Magarya, shi ya sa ba wanda ya taɓa sanin komai. Direban ya sauya mota. Ƙofa ta zama toka. Wata rana ta dawo daga gaisuwa ta shiga gidan maƙwabci, ta cire mayafi ta zauna a tsakar gida tana kiran a kawo mata ruwa, sai ta ji muryar maigidan. Mutanen kirki ne, sun rako ta, ba su gaya wa kowa ba. Amma tun daga ranar ta rantse ba ta ƙara fita. A cikin gidan ma da lalube take tafiya, don matakala da daɓe duk launi ɗaya ne.

Na ce me ya sa ba ta gaya wa ɗanta ba. Ta ce, "Ɗan nan, yaro ya yi shekaru yana tara abin da zai gyara mini wuri. Ranar da aka gama har hawaye ya yi. In buɗe baki in ce masa ya makantar da ni? Kai ma ban yarda ka faɗa ba."

To, nan na shiga uku. In na faɗa, na ci amana. In na yi shiru, Baba zai yanke yayarsa a kan abin da bai sani ba. In na ƙirƙiro wani dalili, na yi ƙarya, ni kuwa ƙarya tana hana ni cin abinci. Na fita na shiga kasuwa ina tafiya ba inda na nufa. Na wuce 'yan awo, na wuce turken awaki, na wuce masu tabarmi da faifai masu rini ja da kore. A rumfar masu kayan gini na tsaya. Manyan bokitan fenti duk toka ne da fari. Can ƙasa, a bayan ƙusoshi, akwai ƙananan gwangwanaye na shuɗi, mai rumfar ya ce masu amalanke kaɗai ke saye yanzu. Na sayi ɗaya da buroshi, jikka ɗaya da 'yan kai. Na biya na koma gidan.

Abin da na dogara da shi al'ada ce. Taubashi yana iya ɗauke maka takalmi, ya zuba maka gishiri a fura, ya yi maka tsiya a gaban surukanka, ba ka da ikon yin fushi. Ni tun da nake ban taɓa cin wannan gado ba, kullum ni ake yi wa. Amma ban iya taɓa kayan mutum a bayan idonsa ba, saboda haka na jira har ya dawo bayan la'asar. Na tsaya a gaban ƙaramar ƙofar shiga, na buɗe gwangwani, na ce masa na ɓata a layinsu yau, wanda gaskiya ne, kuma ubangida ba ya ɓata a ƙofar bawansa sau biyu.

"Kai, kada ka soma," in ji shi, yana dariya yana zaton wasa ne.

Na soma. Dariyar ta tsaya. Maƙwabta suka taru, wani ya ce ai taubashi ne, sai haƙuri. Fuskarsa ta ɗaure, na ga ransa ya ɓaci ƙwarai, amma na ci gaba. Fentin ma ban iya ba, yana ta zuba a kan rigata.

Hayaniyar ce ta fito da Gwaggo, tana dafa bango. Wata jikarta ta kamo hannunta ta fito da ita waje, karon farko tun damina. Ta juya ta fuskanci gidan. Sai ta saki hannun yarinyar, ta taka ita kaɗai, kai tsaye, ta ɗora tafinta a kan ɗanyen fenti.

Ta ce, "Ga ƙofata."

Ɗan nata ya dubi hannunta, ya dubi idonta, ya daɗe yana duba. Ni dai ban tona asirinta ba, Allah ne shaida. Can ya karɓe buroshin daga hannuna ya ce, "Ba ni nan, ko fenti ba ka iya ba." Shi ya ƙarasa ƙofar, ya ja layi a bakin kowace matakala da abin da ya rage. Kafin magariba an fito da kwanonin. Ya ce in Allah ya yarda zai kai ta Damagaram a duba idon, ya ji ana cire yana.

Washegari da motarsa ya kawo mu Magarya, Gwaggo a gaba. A hanya ya ce zai rama, in shirya. Da muka iso, Baba yana zaure ya haɗe rai. Ta shiga ta miƙa masa hannu, ba daidai inda yake ba, ɗan gefe kaɗan. Ya dubi hannun, shuɗin bai gama fita ba. Ya matsa da kansa ya kama. Inna kuwa har yanzu tana cewa ai ta faɗa, ɗaure tsohuwa aka yi, ita dai ba ta ce da me ba.

Tafiyar ta koya mini cewa abin da ke kwantar wa wani da hankali yana iya rufe wa wani hanya, kuma mai yi ba ya sani, don da ƙauna ya yi. Ban ce toka laifi ba ce. Tana da kyau, tana rufa asiri, ba ta faɗa da kowa. Amma gida ba don mai kallo daga titi kaɗai ake yin sa ba, akwai wanda zai nemo shi da raunin ido. Ni da nake son in ɓace a cikin jama'a, ban taɓa tunanin akwai mai neman ya gane ni ba.

Da aka miƙo wa Gwaggo takwararta, an naɗe ta a farin zane. Ta shafa kanta, ta shafa kunnuwanta, ta kusanto da ita har hancinsu ya haɗu. Sannan ta ce wa matata, "Ɗiyata, ɗauko mata ja. Ina so in ta fara rarrafe in san inda ta nufa."