Notin da Bi-a-Sannu Ya Tsaga Biyu

Shekara arba'in Bi-a-Sannu ya yi yana gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago da ko akuya ta shiga sai ta fito da baya. Teloli ne suka laƙaba masa sunan, don ba a taɓa ganin ya ɗora sifana a kan noti ba sai yatsunsa sun gama lallashinsa. Baya yake fara juya shi, har ya ji ɗan ƙas, alamar haƙori ya faɗa gurbinsa, sannan ya yi gaba. Masu gaggawa sukan yi tsaki su tafi wurin wani. Bayan kwana uku su dawo da keken, gaisuwa har da durƙuso.

Cikin 'ya'yansa shida, autar ce kaɗai ta gado hannunsa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata uwata. Wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ba ta aikin gwaji: takobin da jarumin wasan zai riƙe. In ya yi, ita za ta riƙa haɗa musu kayan wasa. In bai yi ba, ga wani kafinta can ya zuba ido da nasa na katako.

Mako uku ta yi a kansa. Ruwan takobin ba kaifi, ƙotar kuwa katako ce da ta naɗe da fata. Wutsiyar ƙarfe ta ratsa cikin ƙotar ta ɓullo ta ƙarshe, inda noti ɗaya tal yake riƙe da komai.

Ana gobe wasa, mijinta ya ce zai taimaka. Direban babbar mota ne, mutumin kirki, amma in ya ba ka hannu sai ka duba yatsunka. Ya ɗora notin a karkace, ya ga ya ƙi, ya sa sifana da ƙarfin ɗaure taya. Haƙoran bakin wutsiyar suka kwanta, ƙota tana rawa.

Da hantsi suka iso shagon, ita a gaba, shi a baya kamar wanda za a kai wa alƙali.

"Baba, na ce a kai wa mai walda ya liƙe shi kawai," in ji mijin.

"Fatar da katakon fa?" ta ce. "Gasasshen takobi suka ce suna so?"

Bi-a-Sannu ya ga idonta ya cicciko. Ya kuma san ba a yi wa suruki faɗa, sai ya kai wutsiyar kusa da tabarau, ya yi wa ƙarfen magana. "Sannu, baiwar Allah. Wa ya taka ki da mota?"

Surukin ya hau sosa ƙeya.

Tsohon ya zazzage gwangwanin madarar da yake tara tarkace, ya zaɓo notuna biyu masu irin haƙorin. Ɗaya ya tsaga biyu da zarto. Ya haɗa ɓari biyun a jikin wutsiyar, ƙasan ɓarnar, inda haƙora suke da lafiya, ya damƙe da filaya, ya ɗiga man keke.

"Ta sama hanya ta toshe, uwata. Ta ƙasa za mu biyo."

Ya riƙa murzawa zuwa waje, kaɗan gaba, kaɗan baya. Lafiyayyun haƙora suna yi wa notin jagora, shi kuma yana tada kwantattun. Biyu suka yi taurin kai, ya bi su da siririn magagari. Teloli uku suna tsaye da kekunansu, ko kallo ba su ishe shi ba.

Da ya gama, ya miƙa wa surukin ɗaya notin, ya janye sifana ya sa a aljihu.

"Bismilla, malam. Da yatsu. Baya tukuna."

Ƙaton ya juya notin baya, gumi na zuba. Ƙas. Notin ya sulale har ƙasa, tsohon ya ƙara masa rabin juyi da sifana. Autar ta fita bakin titi ta wulwula takobin son ranta, ƙotar ko gezau.

Ta samu aikin. Yanzu garkuwoyi da masun wasa da take haɗawa sun cinye rabin shagon, shi kuwa kullum mita yake yi wai an kore shi da ransa. Amma kowa ya shigo, sai ya nuna masa su ɗaya bayan ɗaya kafin ya tambayi abin da ya kawo shi.