Taliyar Murji

Jiya ƙamshin manja da soyayyar albasa ya tsallako katanga daga maƙwabta, sai kakata ta faɗo mini a rai.

A gidanmu na cikin birni, can wajen Kusugu, da rani take murza taliya. Takan miƙe ƙafa bisa tabarma, ta riƙa gutsurar kwaɓaɓɓiyar alkama tana murzawa da yatsu, sili-sili na zuba a faifai, mu jikoki muna korar kaji daga shanya. Matar wani falke Balarabe da ya taɓa sauka gidanmu ce ta koya mata. Sai da yawo ya kai ni Tarabulus na gane ashe sunan ƙasar Italiya muke tauna tun muna yara, kamar yadda gurasa da alkaki Larabci ne da bakinmu ya lanƙwasa.

Yayata ce ta gaji hannun kaka, da shi ta riƙe marayunta. A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, ɗanta na fari ya tsinci labarin sunan a wata majalisa. Ba malami ya faɗa ba, ba alƙali ba. Shi kaɗai, da Larabcinsa da bai isa sayen ruwa a Jidda ba, ya yanke cewa abincin Nasara ba zai ƙara dahuwa a gidan ubansa ba.

Na kira shi zaure.

"Kai, wa ya haramta? Ni da ka gani, a Makka na ci ta, bayan na fito ɗawafi."

"Kawu, ai da jahilci ne."

"Da jahilcin aka yi maka wannan wuyan da kake ɗaga mini."

Amma ka san kunyar ɗan fari. Uwar da ko sunansa ba ta faɗa, ta yaya za ta yi musu da shi? Yaya ta sunkuyar da kai, ta ce, "Bar yaron nan." Ta rataye faifanta. Har ta koma ga Allah ba ta sake murzawa ba, ba ta kuma koya wa kowa ba.

Bara da Sallah na je gidansa, aka dire mini taliyar leda, wadda yake sayo wa 'ya'yansa kwali-kwali. Na ce, "Ita wannan yaushe ta musulunta?"

Ko kunya bai ji ba. "Kawu, ai ta kamfani ce."

Na ture kwanon, na ce a ba ni ruwa.